Ina da keke da buhun guntayen atamfa, wane ɗinkin yara zan fara da shi?

MamanUku:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san ɗinki. Surukata ce ta bani kekenta, Butterfly irin na ƙafa ɗin nan na da, tace idonta ya daina ganin kafar allura gara ya dawo wajena ya yi amfani, an kai shi wajen mai gyara ya wanke shi ya sa sabon bel, yanzu yana juyawa lafiya lau. Ni kuma iyakar abinda na iya shine ɗinki miƙaƙƙe, kalmasar zani da bakin labule da irinsu, ban taɓa yanka riga ko wando ba.

Yarana uku, babbar mace shekararta 5, mai bi mata namiji shekara 3, sai jaririya 'yar wata 7. Kuma kun san yadda kuɗin ɗinki ya koma yanzu, kayan yaro ɗan mitsitsi sai a caje ki kusan na babba, kafin ki ankara kuma kayan sun ɗage masa, wlh abin yana damuna. Ba wai ina so in daina kai wa tela bane, kayan sallah da na fita dole sai shi, na zaman gida da na wasa da ƴan ƙananan abubuwa irin ribom da abin tare yawu da jakar Islamiyya nake so in dinga yi musu da hannuna. Kuma ina da buhu guda cike da ragowar atamfa da shadda da yadi, duk ɗinkin da na kai sai nace a dawo min da guntayena, wasu sun kai rabin yadi wasu tafin hannu ne kawai.

Tambayoyina: me ya kamata in fara da shi wanda ba zai sa in karaya ba? Ya ake yanka wando in mutum bai iya lissafin awo ba? Sannan keken yana min wani abu, sama ɗinkin yayi kyau amma in na juya ƙasa sai in ga zare ya cukurkuɗe kamar taliyar da ta dame, wani lokacin har ya tsinke. Na ƙarshe, ana wanke atamfa kafin a yanka ko kuwa? Wata tace min a wanke wata tace kar in soma. Na gode Allah ya bar zumunci.

AntiMaiKoyarwa:

Wa alaikumussalam Maman yara. Kin zo da tambaya mai kyau kuma kin riga kin fi rabin masu farawa tunda ɗinkinki miƙaƙƙe yana tafiya daidai. Siket mai roba zaki fara da shi, na babbar 'yarki. Babu zif babu maɓalli babu lanƙwasa ko ɗaya, kyalle ne mai kusurwa huɗu kawai, kuma duk abinda kika koya a jikinsa zaki sake amfani da shi a wando da ribom da jaka.

Awo biyu kawai zaki ɗauka, ƙugunta da kuma tsawon daga ƙugu zuwa inda kike so ya tsaya. Ki auna ta tana tsaye ba ta riƙe numfashi ba, yara in sun ga tef sai su shanye ciki, ki sa ta magana ko ta ƙirga miki wani abu tukunna ki karanta. Mu ce ƙugun ya bada inci 22 tsawon kuma 18. Faɗin kyallen zai zama ninki biyu na ƙugu wato wajen 44, in kyallen bai kai ba ninki ɗaya da rabi ma ya wadatar, kar dai ya gaza haka don sai ya wuce mazaunanta a sake kuma ta iya buɗe ƙafa ta yi gudu. Abin daɗin shine faɗin atamfa daga baki zuwa baki wajen inci 45 ne, to kinga yanka ɗaya a kwance ya gama miki siket ɗin yarinya 'yar shekara 5, kuma bakin atamfa na asali baya zarewa, in kika haɗa baki da baki kika ɗinke ba kya buƙatar wibin, wato ɗinkin da ake bin bakin kyalle da shi don kar ya zare. Ki dai shigar da ɗinkin ciki sosai yadda farin layin nan mai rubutun kamfani zai ɓuya.

Tsawo kuma ki ƙara inci 4 a kan 18, ya zama 22. Inci ɗaya da rabi na kubaka ne inda robar zata shiga, biyu da rabi na kalmasar ƙasa. Wannan kalmasar mai faɗi ita ce sirrin kayan yara a wajena, saboda yaro tsawo yake yi fiye da faɗi, bayan wata shida ko bakwai in ya ɗage sai ki farke kalmasar ki saki ki goge ki sake ɗinkewa siririya, kin ƙara masa rayuwa kenan. Teloli da yawa basa barin wannan don suna tsimin yadi ko suna sauri.

Yanzu kubaka. Ki sayi roba mai faɗi, mai kwata uku na inci, kar ki sa siririya a ƙugu tana cin fatar yaro tana barin shaida. Ki ninka bakin sama rabin inci ki goge, ki sake ninka inci ɗaya ki goge, sannan ki ɗinke zagaye a bakin ninkin ki bar ƙofa kamar inci 2 ba ɗinki. Robar ki yanka ta ƙasa da awon ƙugu da inci ɗaya, wato 21. Ki maƙala fil mai rufewa a baki ɗaya ki tura shi cikin kubakar kina tattaro kyallen kina ja, ɗaya bakin kuma ki soke shi da wani fil a jikin siket tun kafin ki fara, in ba haka ba zai shige ciki ki dawo farko. In ya fito ki tabbatar bai murɗe ba, ki ɗora baki kan baki rabin inci ki bi ta kai da keke gaba da baya sau da yawa. Kafin ki rufe ƙofar ki kira ta ta gwada, ta zauna ta tashi ta tsuguna, ki zura yatsu biyu tsakanin robar da cikinta, in sun shiga ba wahala to yayi. Sai ki rufe, ki baza tattarar daidai ko'ina, ki yi ɗan gajeren ɗinki a tsaye kan robar ta gefe biyu don kar ta dinga naɗewa in an yi wanki.

Kin lura sau nawa nace ki goge? Dutsen guga ya zauna kusa da kekenki ko na gawayi ne. Duk ɗinkin gida da kika gani ya fito a murguɗe ana gane na 'yar koyo ne, yawanci ba hannun bane, guga ce ba a yi ba kafin a ɗinke. Ɗalibaina ranar farko ninki da guga kawai suke yi, suna jin haushina amma daga baya suna godewa.

Guntayen da suka rage kuma ki yi mata ribom na ɗaure gashi da su ya shiga da siket ɗin. Kyalle mai tsawon inci 20 faɗin 4, ki ninka shi a tsawonsa fuska na kallon fuska ki ɗinke, ki juyo shi da fil, ki zura siririyar roba inci 7 ko 8, ki ƙulle robar tam, ki tura baki ɗaya cikin ɗaya ki rufe da allurar hannu. Da yamma ɗaya zaki yi guda biyar kina hira, kuma in sun yi kyau matan unguwa da kansu zasu fara tambayarki nawa ne.

Maganar wanki, ra'ayina a wanke. Duk abin auduga yana ɗan tsukewa a ruwan farko, gara ya tsuke kafin almakashi ya taɓa shi, kuma a nan zaki gane mai zuba kafin ki haɗa ta da farin yadi.

TelanFagge:

Salam. Hajiya bari in taɓa maganar keke da wando tunda su ne aikina kullum.

Zaren da yake cukurkuɗewa a ƙasa, kusan kowa shatil, wato gidan zaren ƙasa, yake zargi ya kama kwance ɗan sukurun jikinsa, alhali mafi yawan lokaci laifin zaren sama ne. Dan Allah kar ki taɓa sukurun nan tukunna. Ki zare zaren sama gaba ɗaya, ki ɗaga ƙafar keken sama, wato ɗan ƙarfen nan da yake danne kyalle, sannan ki sake zura shi daga farko. Dalili, faranta biyun nan da suke matse zare sai ƙafa tana sama suke buɗewa, in kika zura zare ƙafa tana ƙasa to a bakinsu kawai yake kwanciya bai shiga tsakani ba, sai ya tafi sakaka ya taru a ƙarƙashin kyalle. Ki duba kuma ya bi ta cikin ɗan hannun nan mai hawa da sauka, ana yawan tsallake shi. In kin gama ki sauke ƙafa ki ja zaren da hannu, ya kamata ki ji ya yi ƙarfi, in har yana zuwa salalam to bai zauna ba. Sannan duk lokacin da zaki fara ɗinki ki riƙe jelar zare biyun ta baya da yatsa har allura ta yi taku uku ko huɗu.

Tsinkewa kuma ki duba allura. Allura tana da dogon kwari a gefe ɗaya, in kin shafa da farce zaki ji shi, to wannan kwarin shi zai kalli ɓangaren da zare yake shigowa, kuma ki tura ta sama har ta tokare kafin ki ɗaure. Atamfa da shadda lamba 14, yadi mara nauyi 11, jins da abu mai kauri 16 ko 18. Allurar da ta daki fil ko ta ɗan lanƙwashe a yar da ita, bata da tsada kamar ɓacin ran da take jawowa. Zaren da ya daɗe a ajiye shima yana ruɓewa, in a cikin durowar keken kika same shi tun na surukarki to ki ja shi da hannu ki gani, in ya tsinke ba gardama ki sayi sabo. Ki cire farantin ƙarƙashin allura ki share ƙurar zaren da ta taru da tsohon buroshin haƙori, ki ɗiga man keke a ƴan ramukan, man keke fa na ainihi, kar a sa man gyaɗa ko baƙin mai, man gyaɗa yana daskarewa yayi danƙo ya kama ƙarfe. Lokacin hunturu ki dinga rufe shi da zani saboda ƙura.

Wando kuma ba sai kin iya lissafi ba. Ki ɗauko wandon yaron wanda yake masa daidai yanzu, ki ninka shi biyu ƙafa kan ƙafa, ki jawo tsinin hantsar waje ya fito sosai. Ki shimfiɗa shi kan jarida ko takardar buhun siminti da aka kakkaɓe, ki zana gefensa. Wajen ƙugu ki sa wani ya ja miki robar ta miƙe tukunna ki zana, nan ne masu koyo suke faɗawa, su zana shi a tattare sai wando ya ƙi wuce cinya. Ki ƙara rabin inci zagaye na ɗinki, sama inci ɗaya da rabi na kubaka kamar yadda Anti ta faɗa, ƙasa inci 2. Ki yanke takardar, ki ninka yadinki biyu, ki ɗora miƙaƙƙen gefen takardar daidai kan ninkin, ki zana da alli ko guntun sabulu da ya sirance, ki yanka. Guda biyu irin haka, kowanne ƙafa ɗaya kenan, kuma babu ɗinkin gefe.

Haɗawa: kowace ƙafa ki ɗinke cikinta daga hantsa zuwa ƙasa. Ki juya ɗaya fuskarta ta dawo waje, ki zura ta cikin ɗayar yadda fuska zata kalli fuska, ki daidaita ɗinkin biyu su haɗu, sai ki ɗinke lanƙwasar nan daga gaba zuwa baya. Ki bi ta sau biyu, ɗan shekara 3 kullum a tsugune yake ko yana hawa wani abu, nan ne wando yake fara yagewa. Gaban kuma ki rage shi kamar inci ɗaya ya gangaro, bayan ya fi tsawo, in ba haka ba ya sunkuya wando ya zame. Ki maƙala ɗan kyalle mai launi a cikin bayan don ya gane gaba da baya da kansa. Kuma ki sa masa aljihu ko ɗaya ne a manne ta waje, yaro namiji in wando ba aljihu baya ƙaunarsa.

In a Kano kike, roba da zare da allura ki saya da ɗan yawa a Kofar Wambai ko Sabon Gari ya fi miki sauƙi kan sayen ɗaiɗai a unguwa, yadi kuma Kantin Kwari, ki tambayi masu ragowar yanka, kayan yara basa cin yadi.

UwarGidaKaduna:

Anti da Malam sun gama magana kan yadda ake yi, ni kan jaririyar zan tsaya don abin yana raina sosai, aikin jinya nake yi a ɓangaren yara.

'Yar uwa dan Allah duk abinda zaki ɗinka wa 'yar wata 7 da ɗan shekara 3 ɗin ma, kar ki sa masa duwatsun ado ko ƴan ƙananan beads ko maɓalli a inda hannu zai kai. A wannan shekarun komai baki suke kaiwa, wanda ya fi haka wayo kuma hanci da kunne yake turawa, kuma duwatsun da ake mannawa da gam ɗin nan wanki biyu sun fara ɓamɓarewa. Na san suna da kyau a hoto amma bai kai ba. In ado kike so ki yanka fure ko tauraro daga jikin wata atamfar ki ɗinke shi a kwance zagaye, yayi kyau kuma ba abinda zai cire. In dole sai maɓalli to a baya, a ɗinke shi da zare ninki biyu, kuma duk bayan wanki ki ɗan ja shi ki ji.

Na biyu igiya a wuya. Abin tare yawu da yawa ana yinsa da igiyar ɗaurewa, ni bana so, ki sa abin nan mai kamawa irin na takalmin yara wanda in aka ja yake buɗewa da kansa, ɓangaren mai kaushin ya kalli waje kar ya goge mata wuya. Kuma ko wane iri ne a cire shi in zata yi barci, haka ma abin kai mai roba da ake sawa jarirai mata, na hoto ne da fita, in ta yi barci yana iya zamowa fuska ko wuya. Yinsa ba wuya: ki ɗora faranti kan kyalle ki zana, ki ɗora bakin kofi daga sama ki zana wajen wuya, atamfa mai laushi a gaba tsohon tawul a baya don ya sha yawun, ki haɗa fuska da fuska ki ɗinke ki bar ƙofa ki juyo ki goge ki bi bakin da ɗinki. Yanzu da take fitar da haƙori ki yi kamar shida, wuyan da yake zama a jiƙe shi yake yin ja ya saɓule.

Na uku irin yadin. Yawancin atamfa mai araha da ke kasuwa yanzu ba auduga zalla bace, akwai roba a ciki ko ma duk roba ce, bata shan gumi, in zafin Maris da Afrilu ya zo sai ƙurajen zafi su feso wa yaro a wuya da baya. Tunda guntaye ne a buhu kuma baki san asalin kowanne ba, ki gwada: ki yanki ɗan ƙyalle kamar farce, ki riƙe da almakashi a kan kwanon ruwa nesa da yara, ki kusanta ashana. Auduga tana ci da warin takarda ta bar toka mai laushi da zata murmushe a yatsa. Mai roba kuwa tana janyewa daga wutar ta narke ta dunƙule ta zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri, warinta irin na leda. Masu robar ki ware su na jaka da ribom, audugar na jiki. Wannan narkewar ma ita ce abin tsoro lokacin sanyi da yara ke zagaye murhu ko kaskon gawayi suna jin ɗumi, yadin roba in ya kama manne wa fata yake yi, kuma ko auduga ce riga mai baza sosai tana saurin lasar wuta, to na zaman gida kar ki cika masa faɗi da jela.

Don haka ni ma ina bayan Anti, na jarirai kam a wanke tukunna, sitatin da rinin sabuwar atamfa suna da kaushi a fatarsu.

MamanUku:

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Malam na yi yadda kace, na ɗaga ƙafar na sake zura zaren kuma wlh ƙasan ya fito tsaf kamar sama, sukurun ma ban taɓa ba. Anti na yanka siket ɗin da wata atamfa mai ruwan goro, gobe in Allah ya kaimu zan sayo roba. Maman Kaduna na gwada ashanar a guda huɗu, biyu sun narke, ciki har da wadda nake shirin yi wa jaririyar riga da ita. To ƙananan guntayen fa masu kamar tafin hannu, su ne suka fi yawa a buhun, a zubar ko akwai abinda ake yi da su?

KakarYara:

A zubar? Haba 'yata, ai su ne dukiyar buhun. Jikata ce take rubuta min wannan ina faɗa mata. Mu da muka taso ba keke a gidanmu, allura da zare ne, kuma ba a yar da ƙyalle sai ya zama tsumma, tsumman ma ana goge fitila da shi.

Ki samo kwali ki yanka shi murabba'i inci 4 ko 5, shi ne ma'auninki. Duk guntun da ya kai ki ɗora ki zana ki yanka, ki tara su da yawa kina ware masu duhu da masu haske. Sai ki dinga haɗawa ɗaya mai duhu ɗaya mai haske har su yi layi, layi kuma ki haɗa da layi, kowane ɗinki ki kwantar da shi gefe ɗaya da guga. In ya yi faɗi ki sa masa shafi da tsohon zani mai laushi a baya, kin samu shimfiɗar da jaririya zata zauna a kai ko abin rufa na sanyi. Amma kar ki haɗa shadda da yadi mai santsi a abu ɗaya, kowa da yadda yake ja, masu nauyi ɗaya ki haɗa. Kuma majanyi kar ki yi shi da haɗe-haɗe, abin da zai riƙe nauyin yaro a baya kyalle ɗaya ake so mai ƙarfi wanda ba gaɓa a tsakiyarsa.

Jakar Islamiyya kuwa ƙafar tsohon wandon jins ta babansu ta fi komai, ko ki samo a gwanjo. Ki yanke ƙafar, ki farke gefe ɗaya ta buɗe, ki auna da littafin da ya fi girma a cikin na babbar 'yarki ki ƙara inci 2 kowane gefe. Sai ki jera ƴan murabba'an atamfar nan uku ko huɗu a gabanta su zama ado, ba mai irinta a ajinsu balle a ɗauke a ce an yi kuskure. Hannun jakar shi ke fara tsinkewa, ki ninka shi huɗu, inda zai kama jikin jakar ki ɗinke shi akwati ki ratsa shi da gicciye.

Maganar wanki kuma ni ban yarda duka ba. Na jariri a wanke, na yarda da mai jinya. Amma sabuwar atamfa mai kyau ko shadda da za a yi wa yarinya na fita, in kika tsoma ta a ruwa ƙyallin nan ya tafi, ta fita cikin ƙawayenta kamar ta sa tsohon kaya, ita ma tana da zuciya. Ki yanka shi da ɗan sakewa yadda ko ya tsuke ba komai. Kuma ga shi sabuwa da sitatinta ta fi daɗin yanka da ninki ga mai koyo, bata zamewa.

Ki zaunar da babbar kusa da ke, shekara 5 ta isa ta ware miki launi ta miƙo miki, nan da shekara biyu ki bata allura mai kauri da zaren saƙa ta fara a kan buhu. Da koyo akan iya. Allura da fil dai a sa su a gwangwani mai murfi a ɗora sama, in kin tashi ki bi ƙasa da maganaɗisu saboda mai rarrafe.

YarMaradi:

Sannunku da aiki, ina biye da ku daga Maraɗi. Mu nan da santimeta muke awo, to ga wadda tef ɗinta irin namu ne, inci ɗaya santi 2 da rabi ne da ɗan ɗigo, yadi ɗaya kuma wajen santi 91, bai cika metir ba. Yawancin tef ɗin ma fuska biyu gare shi, ki dai lura kar ki auna yaro da fuska ɗaya ki yanka da ɗayar.

Abinda zan ƙara shi ne rigar zafi ta jaririya wadda nike yi ma ɗiyata, ita ma kusurwa huɗu ce kamar siket ɗin Anti. Kyalle biyu gaba da baya, kowane faɗinsa ya kai faɗin ƙirjinta sau ɗaya da rabi, ki ɗinke gefuna, ki yi kubaka a sama ki sa siririyar roba sako-sako yadda zata zauna ƙarƙashin hammata ba matsi, sai ki ɗinka hannuwa biyu gajeru masu faɗin yatsa biyu a kafaɗa, ɗinkakku gaba da baya ba na ɗaurewa ba saboda abinda mai jinya ta faɗi. In ta girma rigar ta ɗage sai ki cire hannuwan ta koma siket.

Anti tambaya gareni ni ma, in bakin atamfa na asali babu, guntu ne yankakke ta ko'ina kuma ba keken wibin kusa, ya za a yi cikin kar ya zare a wanki?

AntiMaiKoyarwa:

Hajiya Kaka na karɓi gyara kan na fita, Allah ya ƙara lafiya, a bar wa yarinya ƙyallinta. Mai zuba ce kawai zan ce a gwada, a jiƙa farin ƙyalle a goga a gefe a gani kafin a haɗa ta da wani launi.

Ƙanwata ta Maraɗi, akwai hanya kuma ga kayan jarirai ma ta fi wibin don zaren wibin yana da kaushi. Ɗinki biyu zaki yi maimakon ɗaya. Da farko ki haɗa kyallen baya da baya, wato fuskokin suna waje, akasin yadda aka saba, ki ɗinke siriri kamar rabin santi daga baki. Ki rage bakin da almakashi ya ƙara sirancewa ki share zaren da ya fito, sai ki buɗe ki goge, ki juya yanzu fuska ta kalli fuska ɗinkin farko ya zauna daidai kan ninki, ki sake gogewa, ki ɗinke kamar santi ɗaya daga ninkin. Yankakken bakin ya shige ciki kenan an rufe shi, in kin juya rigar ba zaki ga zare ko ɗaya ba. Ki bar santi ɗaya da rabi na ɗinki tun wajen yanka. A miƙaƙƙen gefe yake yin kyau, gefen siket da riga da cikin ƙafar wando da jaka, amma lanƙwasar hantsa tana masa wuya, can ki yi ɗinki biyu kusa da juna kamar yadda Malam yace ki rage bakin kawai, ko ki bi shi da allurar hannu kina naɗe bakin. Jins ma kar ki gwada masa, kaurin zai yi yawa allura ta karye.

Maman yara in kin sa robar ki turo mana hoton ciki da waje, cikin nafi son gani.